Wa zai raba gardama idan sabobi suka daina jin juna? Inji na uku, qdevice, faifan shaida ko shaidar Azure

Dalilin da ya sa ake haɗa sabobi biyu ko fiye su zama gungu ɗaya shi ne idan inji ɗaya ya faɗi, wani ya karɓi aikinsa kafin masu amfani su ankara. Wahalar tana wurin gane faɗuwar. Injin da ya daina jin ɗan'uwansa ba shi da hanyar sanin ko ɗan'uwan mutuwa ya yi, ko wayar da ke tsakaninsu ce ta tsinke, ko kuwa suwic ne ya sake kunna kansa. A duk halin ukun abin da ke isowa gare shi ɗaya ne, wato shiru. Idan kowane inji ya ɗauki shirun a matsayin mutuwar ɗayan, sai su biyun su ɗauki adireshin IP guda, su buɗe faifai guda suna rubutu a kai, kowa na ganin shi kaɗai ya rage. Wannan ita ce rabuwar kai, kuma ɓarnarta ta fi ta tsayawar aiki nesa ba kusa ba. Aikin da ya tsaya ana tayar da shi. Faifan ext4 ko XFS da injuna biyu suka yi rubutu a kansa lokaci guda kuwa, galibi sai dai a koma ga kwafin ajiya na jiya.

Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne ƙuri'a. Kowane inji yana da ƙuri'a ɗaya, kuma ɓangaren da ya tara fiye da rabin jimillar shi ne ke da izinin ci gaba da aiki. Lissafin mai sauƙi ne: a raba jimilla biyu, a jefar da ragowa, a ƙara ɗaya. Injuna uku na buƙatar ƙuri'a 2, huɗu na buƙatar 3, biyar na buƙatar 3, shida na buƙatar 4. Duba da kyau za ka ga gungu mai injuna huɗu ba ya jure asarar da ta wuce ta mai uku, dukansu inji ɗaya kawai za su iya rasawa, sannan mai huɗun yana da ƙarin haɗarin ya tsage biyu da biyu a yi kunnen doki. Mai injuna biyu shi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin rinjayensa 2 ne, ke nan faɗuwar kowanne daga cikinsu ta tsayar da komai. Duk dabarun da ke ƙasa ƙoƙari ne na samo ƙuri'ar raba gardama, wadda ake kira shaida, ga gungu mai adadin da ke rabuwa biyu daidai, kuma sun bambanta ƙwarai a kan irin matsalar da kowacce ke iya jurewa.

Inji na uku na gaske

Idan kuɗi da wuri sun ba da dama, wannan ya fi kowace dabara. Inji na uku yana jefa ƙuri'a, yana ɗaukar aiki, yana kuma iya riƙe kwafin bayanai. Amfaninsa na ƙarshen nan shi ne ake yawan mantawa. Tsare-tsaren da aka gina a kan Raft, ƙa'idar cimma matsaya tsakanin injuna wadda Diego Ongaro da John Ousterhout suka wallafa a 2014, irin su etcd da ke riƙe bayanan Kubernetes, ba sa ɗaukar rubutu a matsayin kammalalle sai mafi rinjayen mambobi sun ajiye shi a faifansu. A can ba a maganar shaida marar bayanai, mambobi uku ko biyar ake sakawa. Haka ma masu sa ido na Ceph, manhajar ajiyar bayanai a kan injuna da yawa.

Tsadarsa ba ta tsaya a kuɗin ƙarfe ba. Akwai lasisi, wuta, sanyaya ɗaki, da kuma sharaɗin jinkiri: Corosync, tsarin da injunan gungu ke jin juna da shi a Linux, wanda manhajojin tafiyar da gungu irin su Pacemaker da Proxmox VE suka dogara a kansa, yana son injunan su kasance kusa da juna, kuma Proxmox ta bayyana cewa jinkirin ya zama ƙasa da milisakan 5. Saboda haka ba za a ɗauki cikakken mamba na uku a kai shi wani gari a ce an sami shaida ba. Akwai kuma lissafin nauyi. Idan injuna uku kowanne na aiki da kashi 80 cikin ɗari na ƙwaƙwalwarsa, rinjaye zai tsira bayan faɗuwar ɗaya amma biyun da suka rage ba za su iya ɗaukar kayansa ba.

Injuna biyu ba tare da na uku ba

Corosync yana da hanyoyi biyu na rayuwa da injuna biyu kacal, kuma ba a haɗa su tare. Ta farko ita ce `two_node: 1`. Abin da take yi shi ne ta sauko da rinjaye zuwa ƙuri'a 1, wato kowane inji shi kaɗai ya isa. A gaskiya wannan kashe lissafin rinjaye ne gaba ɗaya, a miƙa hukuncin ga killacewa: idan suka daina jin juna, kowa zai yi ƙoƙarin kashe ɗayan ta katin sarrafa saba daga nesa, irin IPMI, iDRAC ko iLO, wanda ya riga shi ya ci. Matsalar farko ita ce su harbi juna a daƙiƙa guda su mutu tare. Ana kauce mata da jinkirta harbin ɓangare ɗaya: a sa `pcmk_delay_base` na daƙiƙa 10 ko 15 a kan na'urar da ke kashe injin da aka fi so ya tsira, ko a yi amfani da `priority-fencing-delay`, wanda ya shigo a Pacemaker 2.0.4, domin injin da ke riƙe da muhimmin aikin a lokacin shi ya sami fifiko. Na biyun ya fi dacewa da hankali, tunda aiki kan koma daga wannan inji zuwa wancan, jinkirin da aka kafe wa inji ɗaya kuwa ba ya bin sa.

Matsala ta biyu ta fi muni. Injin da aka kashe zai sake tashi, ya tarar har yanzu ba ya jin ɗan'uwansa tunda wayar ba a gyara ta ba, ya ɗauka ɗan'uwan ya mutu, shi ma ya harbe shi. Haka za su yi ta yi har wani ya zo. Shi ya sa `two_node` ke kunna `wait_for_all` da kanta, wadda ke hana injin da ya tashi sabo samun rinjaye sai ya ga duk mambobi aƙalla sau ɗaya. Kada a kashe ta. Farashinta shi ne idan wuta ta ɗauke duka biyun suka mutu, sannan ɗaya kawai ya iya tashi, zai zauna yana jira har mutum ya tabbatar da idonsa cewa ɗayan a kashe yake, ya ba da umarnin `pcs quorum unblock`.

Hanya ta biyu ita ce `auto_tie_breaker: 1`. A nan an yanke hukunci tun kafin gardama: idan aka tsage daidai, ɓangaren da ke da inji mai lamba mafi ƙanƙanta shi ne ya ci, sai dai in an canza da `auto_tie_breaker_node`. A gungu mai injuna huɗu ko shida wannan na da amfani. A mai biyu kuwa rabin kariya ce kawai, domin idan inji na 2 ya mutu na 1 zai ci gaba, amma idan na 1 ne ya mutu, na 2 ba zai taɓa samun rinjaye ba duk da lafiyarsa ƙalau. Ta dace ne kawai inda aka fi tsoron lalacewar bayanai fiye da tsayawar aiki, kuma akwai ma'aikaci a kusa ko da yaushe.

qdevice, shaida mai zama a waje

Ga mai injuna biyu ko huɗu a Linux, wannan ce zaɓin da ya fi dacewa a mafi yawan lokuta. Ana girka ƙaramar manhaja mai suna corosync-qnetd a kan wata kwamfuta da ba ta cikin gungun, sannan a girka corosync-qdevice a kan kowane mamba. Mambobin na magana da ita ta ƙofar TCP 5403. Tunda TCP ce, ba zagayen saƙon Corosync ba, sharaɗin ƙaramin jinkiri bai shafe ta ba, ana iya ajiye ta a wani gini ko wani gari. Ba ta cin komai: ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ta isa, kuma qnetd ɗaya na iya yi wa gungu da yawa hidima muddin sunayensu sun bambanta.

A tsarin Red Hat da danginsa, a kan injin shaidar ana ba da `pcs qdevice setup model net --enable --start`, a buɗe ƙofar a fayawol, sannan daga ɗaya cikin mambobi a yi `pcs host auth` zuwa gare shi, a bi da `pcs quorum device add model net host=sunan-shaida algorithm=ffsplit`. A Proxmox VE kuwa, bayan girka manhajojin biyu, `pvecm qdevice setup` tare da adireshin shaidar ya wadatar. A ƙarshe a duba da `corosync-quorumtool -s`: mai injuna biyu ya kamata ya nuna jimillar ƙuri'a 3 da rinjaye 2. Corosync ba ya yarda a haɗa qdevice da `two_node`, `auto_tie_breaker` ko `last_man_standing`, don haka wanda ke gyara fayil ɗin da hannu sai ya cire su.

Zaɓin da ke buƙatar natsuwa a nan shi ne tsakanin ffsplit da lms. Tsarin ffsplit ƙuri'a ɗaya tak yake bayarwa, kuma an yi shi ne don adadin da ke rabuwa biyu. Yana ba ɓangaren da ya fi yawan injuna. In sun yi daidai ya duba sakamakon gwajin lafiya, in shi ma daidai ne a ƙarshe ya koma ga lambar inji. Gwajin lafiyar nan abu ne da ya kamata a yi amfani da shi. Umarni ne da kai za ka rubuta, misali a taɓa rauta ta ƙofar fita da ping, ta yadda idan injuna biyu duka suna ganin shaida amma ɗaya ya rasa hanyar da masu amfani ke shigowa, ƙuri'ar ta tafi ga wanda zai iya yi wa mutane aiki. Idan ba a sa gwajin ba, shaidar na iya zaɓar injin da ke da rai amma ba mai iya kaiwa gare shi.

Tsarin lms kuwa yana ba shaidar ƙuri'u masu yawan injuna ban da ɗaya. A gungu mai uku, shaidar na da 2, jimilla 5, rinjaye 3. Abin sha'awar shi ne inji ɗaya da ya rage, muddin yana ganin shaida, zai ci gaba. Amma a juya lissafin: idan shaidar ce ta faɗi, sai duk injuna ukun sun kasance a raye kafin a sami 3. Gungun da a da yake jure asarar inji ɗaya ba tare da taimakon kowa ba, yanzu ya rataya a wuyan ƙaramar kwamfuta guda. Wannan ne dalilin da ya sa Proxmox ba ta ba da shawarar qdevice ga gungu mai adadin da ba ya rabuwa biyu ba, kuma shawarar daidai ce. Mai injuna uku ko biyar ya bar su yadda suke.

Rinjaye ba ya kashe kowa

Ko wace hanya aka bi, akwai abin da ƙuri'a ba ta iya yi. Tana faɗa wa ɓangaren da ya sha kaye cewa ya tsaya, amma injin da ya daskare ba ya jin umarni. Yana iya farfaɗowa bayan daƙiƙa 40 ya ƙarasa rubutun da ya fara, alhali ɗayan ya riga ya karɓi faifan. A Pacemaker, `no-quorum-policy` a kan stop take tun asali, wato a tsayar da ayyuka, kuma wannan ya dogara ne ga injin yana da hankalin da zai tsayar da su. Don haka killacewa tilas ce ko da akwai shaida, kuma `stonith-enabled=false`, wanda ke kashe killacewa, ba abin da za a bari a kan gungun da ke riƙe da bayanan mutane ba ne.

Killacewa ta IPMI tana da rauni guda da ya kamata duk mai aiki inda wuta ba ta da tabbas ya sani. Katin IPMI daga wutar sabar yake sha. Idan wuta ta yanke wa injin gaba ɗaya, katin ma ya mutu, umarnin kashewa ba zai sami amsa ba, Pacemaker kuma ba zai ɗauki rashin amsa a matsayin tabbacin mutuwa ba. Sakamakon shi ne injin da ya rage yana da rinjaye, yana da lafiya, amma ya ƙi karɓar aikin. Haka ma idan wayar IPMI da wayar Corosync suna bi ta suwic ɗaya. Maganin shi ne mataki na biyu: soket ɗin wuta da ake sarrafawa ta netwok, ko SBD.

SBD na aiki da agogon gadi da ke jikin injin. Manhajar na taɓa agogon a kai a kai, in ta daina, agogon ya sake kunna injin ba tare da neman izinin kowa ba. Idan akwai ma'ajiyar faifai ta tarayya, ana yanka ɗan yanki, megabait 10 ya isa, inda injuna ke bar wa juna saƙon kashe kai. Ana iya amfani da faifai ɗaya zuwa uku, kuma lokacin jiran saƙo, msgwait, ya zama aƙalla ninki biyu na lokacin agogon. Idan babu faifan tarayya, SBD na iya aiki da agogo da rinjaye kawai: injin da ya rasa rinjaye ya kashe kansa, sauran su jira wa'adin ya cika su ɗauka ya mutu. Wannan salon ba ya tafiya da `two_node`, tunda a can ba wanda ke rasa rinjaye, sai an haɗa shi da qdevice. In an haɗa su, a lura da lokuta: qdevice na iya ɗaukar har daƙiƙa 30 kafin ta yanke hukunci yayin sake tsara mambobi, saboda haka agogon da aka bari a daƙiƙa 5 zai kashe injin da ke gab da samun ƙuri'a. A ɗaga shi sama da 30, kamar 35. Agogon ƙarfe, irin wanda direban iTCO_wdt ke sarrafawa a injunan Intel, ya fi softdog, wato agogon manhaja, aminci, domin softdog a cikin kwanyar tsarin yake, in ta daskare yana iya daskarewa tare da ita. Proxmox VE ma wannan hanyar ta kashe kai da agogo take bi: injin da ke da ayyukan HA, wato waɗanda wani inji zai karɓa in ya faɗi, in ya rasa rinjaye, agogo na sake kunna shi bayan daƙiƙa 60, kuma `/etc/pve` na komawa karatu kawai.

Shaidu uku na Windows Server

A gungun Windows an sauƙaƙa tunanin. Tun daga Windows Server 2012 tsarin na daidaita ƙuri'un mambobi da kansa idan suna fita ɗaya bayan ɗaya, daga 2012 R2 kuma yana ba shaida ƙuri'a ko ya janye ta domin jimilla ta kasance ba ta rabuwa biyu. Saboda haka shawarar ita ce a saka shaida ko injuna nawa ne. Mai injuna biyu da ba shaida sa'a yake bi: tsarin zai cire ƙuri'ar ɗayansu, in marar ƙuri'ar ne ya faɗi a tsira, in mai ƙuri'ar ne ya faɗi ba zato gungun ya tsaya.

Faifan shaida yanki ne a ma'ajiyar tarayya, aƙalla megabait 512, da NTFS ko ReFS. Fifikonsa shi ne yana riƙe da kwafin kundin tsarin gungun. Amfanin wannan na fitowa a wani hali na musamman: inji na 1 ya mutu, aka yi canje-canje a na 2, sannan na 2 ya mutu, na 1 ya tashi shi kaɗai. Da faifan shaida zai ɗauki sabon kundin ya ci gaba. Da sauran shaidun biyu, ta SMB da ta Azure, zai gane cewa nasa tsoho ne ya ƙi tashi, wanda ya kare bayanai amma ya tsayar da aiki. Rauninsa kuma a fili yake: yana buƙatar ma'ajiyar da kowa ke gani, ba ya aiki da Storage Spaces Direct, tsarin da ke haɗa faifan da ke cikin kowane inji su zama ma'ajiya ɗaya, ba ya kuma da ma'ana ga gungun da ke wurare biyu.

Shaidar babban fayil na tarayya ta SMB ba ta buƙatar fiye da megabait 5. Daga Windows Server 2019 ba dole ne na'urar da ke riƙe da ita ta kasance cikin yankin Active Directory ba, har filashi da aka soka a jikin rauta mai iya SMB 2 yana yi. Kada a ɗora ta a kan DFS ko wata ma'ajiya mai kwafa kanta, domin ɓangarori biyu na iya kulle kwafi daban-daban kowa ya ce shi ya sami ƙuri'a. Kada kuma a ɗora ta a kan VM, wato injin manhaja, da ke gudana cikin gungun da take yi wa shaida. Wannan kuskuren ya shafi qnetd ma: in gungun ya tsaya, shaidar ta tsaya tare da shi, shi kuma ba zai tashi ba sai da ita.

Shaidar Azure ta zo da Windows Server 2016. Ɗan ƙaramin fayil ne a asusun ajiya na Azure, ana kai masa ta ƙofar 443, ana saita shi da `Set-ClusterQuorum -CloudWitness` tare da sunan asusun da mabuɗinsa. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai, kuma ta ba da wuri na uku ga wanda ba shi da gini na uku. Duk ranar da aka sabunta mabuɗin asusun sai an sabunta shi a gungun, in ba haka ba shaidar ta mutu shiru ba wanda ya sani. Babban abin dubawa shi ne hanyar intanet. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya, Gana, Kodebuwa da maƙwabtansu na kwanaki. Gungu mai injuna biyu da shaidarsa ke ƙetare ba ya tsayawa don shaidar ta ɓace, tunda yana da ƙuri'a 2 cikin 3, amma a duk tsawon wannan lokacin ba shi da kariyar da aka saka shaidar dominta. Wanda ofishinsa ke Kano ko Kaduna da layin intanet guda, shaida a wani gini cikin gari ta hanyar waya ko rediyo mai zaman kanta ta fi masa aminci.

Inda aka ajiye shaida ya fi irin shaidar muhimmanci

Tambayar da za a yi wa kowane tsari ita ce: wane abu guda ne in ya lalace zai ɗauke fiye da rabin ƙuri'u? A ɗauki takarda a rubuta kowace ƙuri'a, da UPS ɗin da take sha, da suwic ɗin da take bi, da ɗakin da take. Idan inji na 1 da shaida suna kan UPS ɗaya, mutuwar batirinsa a lokacin sauyawa zuwa janareta za ta bar inji na 2 da ƙuri'a 1 cikin 3. Idan gungun na wurare biyu, injuna biyu a kowanne, aka ajiye shaida a wuri na farko, to gobara a can ta bar wuri na biyu da 2 cikin 5, wato ainihin ranar da aka gina shi dominta ba zai tashi da kansa ba. Shaida na son wuri na uku, kuma kowane ɓangare ya kai gare ta ta hanyar da ba ta ratsa ɗayan ba. Ceph a tsarinsa na wurare biyu da vSAN na VMware duk wannan sharaɗin suka gindaya.

Kafin a kai ga shaida ma, a rage yawan gardamar. Corosync 3 na karɓar hanyoyin sadarwa har takwas. Biyu ta suwic daban-daban, ko ɗaya waya kai tsaye tsakanin injuna biyu, sun kawar da yawancin rabuwar kai tun daga tushe. Kada zirga-zirgar ajiya ko kwafin dare su bi hanya ɗaya da Corosync, domin cunkoson daƙiƙa kaɗan ya isa a ɗauka inji ya mutu. Wa'adin jira na asali kafin a ɗauka inji ya ɓace milisakan 3000 ne tun daga Corosync 3.1.0, a da 1000 ne, ana kuma ƙara 650 kan kowane inji da ya haura biyu. Windows Server 2016 na jiran a rasa saƙo 10 a jere, ɗaya kowace daƙiƙa, ga injunan da ke netwok guda. Rage waɗannan lambobin don a hanzarta karɓar aiki yakan haifar da kashe injuna masu lafiya.

Akwai kuma darasin da GitHub ta bayyana da kanta. A ranar 21 ga Oktoba 2018 hanyar sadarwa zuwa babbar cibiyar bayananta ta gabashin Amurka ta yanke na daƙiƙa 43 kacal. Manhajar Orchestrator, mai aiki da Raft, ta sami rinjaye a wajen cibiyar ta mayar da shugabancin rumbun bayanai na MySQL yammacin ƙasar. Lissafin ƙuri'a bai yi kuskure ba, amma akwai rubuce-rubucen 'yan daƙiƙu a gabas da ba su kai yamma ba, yamma kuma ta fara karɓar sababbi. Gyaran ya ci awa 24 da minti 11. Ƙuri'a na zaɓar wanda zai shugabanta ne kawai, ba ta tabbatar da cewa bayanan sun isa hannunsa. Inda kwafar bayanai tsakanin wurare biyu ba nan take ba ce, sauya wuri da hannu ya fi sauyawa ta atomatik.

Irin wannan gargaɗin ya shafi shaidun rumbunan bayanai. Mai sasantawa na MongoDB yana jefa ƙuri'a amma ba ya riƙe bayanai, don haka a tsarin inji biyu da mai sasantawa, in ɗaya ya faɗi za a zaɓi shugaba amma rubutun da ke neman amincewar mafi rinjaye zai maƙale. Shi kuwa garbd, mai sasantawa na gungun Galera, duk zirga-zirgar kwafar bayanai na ratsa shi ko da ba ya ajiyewa, saboda haka ba a sa shi a bayan layi mai rauni kamar yadda za a iya yi da qnetd.

Wanne za a ɗauka

Ga etcd, Ceph da duk abin da rinjayensa na bayanai ne, injuna uku na gaske, ko biyar in ana son jure asarar biyu. Ga Pacemaker ko Proxmox mai injuna biyu ko huɗu, qdevice da ffsplit da gwajin lafiya, a kan wuta da suwic daban, tare da killacewa mai mataki biyu. `two_node` ta rage ga wanda ba shi da ko ƙaramar kwamfuta ta uku, kuma sai da waya kai tsaye tsakanin injunan da jinkirin harbi. A Windows, faifan shaida in akwai ma'ajiyar tarayya a ɗaki ɗaya, shaidar SMB a wani gini in akwai shi, shaidar Azure in akwai layukan intanet biyu masu zaman kansu.

Duk wanda aka zaɓa, a gwada shi kafin a ɗora masa aiki, kuma gwaji huɗu ne mafi ƙaranci. A toshe ƙofofin UDP na Corosync, daga 5405, da fayawol a kan inji ɗaya, maimakon kashe katin netwok da umarni, domin kashe katin ba ya kama da yadda waya ke yankewa a zahiri. A daskarar da inji da `echo c > /proc/sysrq-trigger` a ga ko an killace shi. A zare duk wayoyin wutar inji ɗaya a ga ko ɗayan ya karɓi aikin ba tare da IPMI ba. Sannan a kashe shaidar ita kaɗai a tabbatar aiki bai tsaya ba kuma ƙararrawa ta iso ga ma'aikaci, domin gungun da shaidarsa ta mutu wata uku da suka wuce ba ya nuna alamar komai. Umarnin tilasta rinjaye, `pvecm expected 1` a Proxmox da `Start-ClusterNode -ForceQuorum` a Windows, a rubuta su a takardar gaggawa tare da sharaɗinsu a sama: ba a ba da su sai wani ya je ya ga ɗayan injin a kashe, ya kuma zare wayar wutarsa.